Takobin Kawu da ƙofofin da ke gabansa

Bayan Sallar Layya kawuna ya aika aka kira ni. Na same shi a zaure ya shimfiɗa wani tsohon takobi bisa buzu, kubensa ya yi baƙi don shekaru, hamilar ta tsinke an ɗaure ta da zare. Na kakansa ne. Ɗansa da ke aiki a birnin Liyon na Faransa ya samu ƙaruwa, ya aiko masa da tikitin jirgi, shi kuwa Kawu yana so ya kai wa jaririn abin da zai riƙa tuna masa da gida in ya girma. Ya ce, "Ɗana, kai da ke yawan tafiya, ƴan duwan suna barin a wuce da wannan?" Jami'an kwastan yake nufi. Na ce, "Kawu, duwan na wace ƙasa?" Ya ce ai duwan duwan ne.

A nan kuskuren yawancinmu yake farawa. Muna tambayar kamar mutum ɗaya ne ke tsaye a ƙofa ɗaya, in ya ce wuce shi ke nan. Alhali tsakanin Maraɗi da Liyon, ko Jidda, ko Landan, takobin zai bi ta hannun hukumomi da dama, kowace da abin da ya dame ta, kuma izinin wadda ke baya bai ɗaure wadda ke gaba ba. Wata jirgi take tsaro, wata haraji take nema, wata tarihin ƙasa take karewa, wata ma fatar da aka ɗinka kuben da ita kawai take dubawa.

Ban ga laifin Kawu ba, domin a wurinmu takobi girma ne kafin ya zama makami. Kyautar da ta fi kowace daraja a wasannin Nijar takobi ce, kuma wanda ya fara ɗaga takobin kokuwar ƙasa, a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokuwarmu ke ɗauke da sunansa. Ranar hawan salla, a ƙofar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, mahaya na rataye da takubba ba wanda ya firgita. Buzu ya ratsa babbar kasuwa da nasa a kafaɗa, mahauci na wasa wuƙa a bakin titi, wanzami na yawo da zabira cike da asake. Mu mutumin muke kallo, mun san gidansu, mun san sana'arsa. Jami'in da ke filin jirgin wata ƙasa bai san ko ɗaya ba. Abin da ke hannunsa ma'auni ne da littafi, da su zai yanke hukunci.

Ƙofar da ta fi cinye wuƙaƙen mutane ma ba ta duwan ba ce, ta masu binciken tsaro ce, inda ake saka jakar hannu cikin na'ura. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda aka yi da ƴan ƙananan wuƙaƙe, duniya ta haɗu kan cewa abu mai kaifi ba ya shiga inda fasinja ke zaune. Tarayyar Turai ta sa iyaka: wuƙa ko almakashin da ruwansa ya wuce santimita 6 ba ya shiga jakar hannu. Santimita 6 kuwa tsawon ƙaramin yatsa ne. Amurka ba ta ma yarda da wannan rangwamen ba, kowace wuƙa mai kaifi sai cikin akwatin da aka auna. A 2013 hukumar tsaron sufurinsu ta yi niyyar ƙyale ƙananan wuƙaƙen aljihu, ma'aikatan jirage suka tayar da ƙura, ta janye. Wanda aka samu da wuƙa a nan yawanci ba kama shi ake yi ba, ce masa ake ya bar ta ko ya fasa jirgi, kuma abin da ka bari ka bari ke nan. Maganin wannan ƙofar mai sauƙi ne: takobi ko wuƙa su kwana cikin kube, a naɗe su da kyau yadda ba za su yanki mai ɗaukar kaya ba, a sa su cikin babban akwati, a faɗa wa mai auna kaya. Dattijo kuma ya lalube aljihun rigarsa tun daga gida, don ƴar wuƙar fiƙe asuwaki ita ce aka fi mantawa da ita.

Sai dai shigar takobi cikin jirgi ba shigarsa ƙasa ba ce, kuma a nan aikin duwan yake. Kusan duk ƙasashen duniya littafi ɗaya suke amfani da shi wajen rarraba kaya, wanda Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Burussel ta fara aiki da shi a 1988. Kowane abu da lambarsa. Wuƙar kicin, ta mahauci, ta aljihu, suna ƙarƙashin lamba 8211, cikin babin kayan aiki na ƙarfe, maƙwabtansu cokula ne da reza. Takobi kuwa, da mashi, da wuƙar da aka ƙera don suka, har da kubensu, suna lamba 9307, cikin babi na 93, babin makamai da harsasai. Wato a idon littafin, takobin da muke ratayawa a bango don ado gida ɗaya yake da bindiga. In kuma ya haura shekara 100, sai ya fice daga wannan babin ya koma lamba 9706, ta kayan tarihi. Ƙarfe guda, ɗaki uku, kuma kowane ɗaki da tambayoyin da ake yi a cikinsa. Shi ya sa kalmar da matafiyi ya furta a gaban jami'i take da nauyi. Wanda ya ce "kayan ado ne" aka buɗe aka ga ruwa mai kaifi biyu, ya riga ya jawo wa kansa zargi. Wanda ya ce "takobin gargajiya ne, aikin hannu, sabo, ga takardar saye" ya ba jami'in abin da zai rubuta.

Batun haraji bai taka kara ya karya ba. Mai shiga Turai ta jirgin sama an yafe masa kaya har na yuro 430, kimanin sefa 282,000, kuma sabon takobin maƙera ba kasafai yake kai haka ba. In ka ɗauko goma iri ɗaya kuwa, ba mai yarda tsaraba ce, haja ce, sai ka biya.

Abin da ya fi haraji muhimmanci shi ne ko ƙasar ta yarda irin wannan ƙarfen ya shigo mata. Kowace ƙasa abin da ya taɓa cizonta take haramtawa, don haka dokokin ba su yi kama da juna ba. Amurka tun 1958 ta hana shigo da wuƙar da ake danna maɓalli ta fito da kanta, amma dokar tarayya ba ta hana takobi ba, jihohi ne ke da nasu ƙa'idojin riƙewa. Jamus ta haramta wuƙar nan mai ƙota biyu da ake wulwulawa a buɗe. Ingila ce ta fi tsawon jeri. A 2008 ta haramta lanƙwasasshen takobin da ruwansa ya kai santimita 50 ko ya wuce, sai fa wanda aka ƙera kafin 1954 ko aka ƙera da hannu bisa hanyar gargajiya. A Satumban 2024 ta ƙara wasu manyan adduna masu haƙora da ramuka, a Agustan 2025 ta ƙara wani miƙaƙƙen takobi mai kaifi ɗaya irin na finafinan Japan. Takobinmu na Hausa da na Buzaye miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, bai faɗa cikin waɗannan ba. Amma wanda ya sayi mai lanƙwasa, shi ne zai tabbatar cewa aikin hannu ne, kuma rantsuwa ba ta isa hujja a can. Takarda ake so.

A ce an wuce duwan lafiya. Saura titi, kuma a ganina nan ne haɗarin ya fi girma ga mutanenmu, domin a yawancin ƙasashen Turai mallakar abu daban, fita da shi daban. A Faransa baligi na iya mallakar wuƙar suka ya ajiye a gida, amma ɗaukarta a jiki ko a mota ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000, kusan sefa miliyan 10. A Ingila abin da aka yarda ka sa aljihu ba tare da bayani ba shi ne ƴar wuƙar da ake ninkewa, marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, abin da ya wuce haka na iya kai mutum gidan kaso har shekara 4. Cikin uzurorin da dokar tasu ta yarda da su, ta ambaci uku da suna: aiki, addini, da tufafin gargajiya na ƙasa, abin da ya sa mabiya addinin Sik da mutanen Sukotlan ke ɗaura tasu. Sai dai uzuri ne da kake kare kanka da shi bayan an tsare ka, ba lasisi ba ne da ake riƙewa tun farko. A Jamus wuƙar da ba a ninkewa in ruwanta ya wuce santimita 12 ba a yawo da ita. Hanya daga filin jirgi zuwa masauki, da takobi kulle cikin akwati da tikitin jirgi a hannu, dalili ne da ake fahimta. Ratayo shi zuwa walimar suna a wani zaure na haya, ta cikin jirgin ƙasa, wani abu ne daban. Na faɗa wa Kawu wannan sau biyu, don na san shi da son fita cikin shiga ta alfarma.

Mu Musulmi bai kamata wannan rarrabewa ta zame mana baƙuwa ba. A sulhun Hudaibiyya, cikin sharuɗɗan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amince da su, har da cewa in sun dawo Umra baɗi ba za su shiga Makka da makami ba sai takubba cikin kubensu. Kuma ya yi umarni cewa mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Mai gari na da ikon gindaya sharaɗi kan ƙarfen baƙo. Alhazanmu su tuna da haka: ana bincika jaka a ƙofofin Harami, hadaya ana biyan kuɗinta ne a yanka a mayanka, hukumomin lafiyar Saudiyya kuma suna jan kunne a yi aski wurin masu lasisi da ke amfani da reza sau ɗaya. Mahauci ko wanzamin da ya tafi sauke farali ba ya bukatar kayan sana'arsa.

Akwai kuma ƙasashen da ba can za ka ba amma ka taka su. Daga Yamai yawanci ta Kazabulanka ake bi, ko Istanbul, ko Adis Ababa. In tikitin ɗaya ne kuma akwatin ya zarce kai tsaye, da wuya a neme ka. In tikiti biyu ne, ko an kwanar da ku aka ba ku kayanku, to ka shiga ƙasar da takobi, dokarta ta hau kanka. Mutanen Maraɗi da yawa kuma sun fi son tashi daga Kano don ta fi Yamai kusa. Wanda ya zaɓi haka ya ƙara wa kansa ƙasa guda: duwan a Ɗan Isa, kwastan a Jibiya, sannan shingayen jami'an tsaro har Katsina. A yankin da ƴan bindigar daji suka addabi Madarumfa da Jibiya, sojan da ya buɗe but ya ga takobi ba za a zarge shi ba in ya tsananta tambaya. Ga ɗan kasuwar da ke zuwa Gwanju kuwa, ya sani a Sin har ƙofar jirgin ƙasa na cikin gari akwai na'urar bincike, wuƙar da ta shiga ƙasar cikin akwati ba ta iya yawo da shi.

Duk wannan bayanin na yi wa Kawu yana gyaɗa kai. Inda muka daɗe shi ne kube da shekaru.

Kuben takobinsa akwai wani ɗan gyara da aka yi masa da fata mai ɓawo-ɓawo, da gani ta guza ce ko ta mesa. Dukawanmu sun daɗe suna ƙawata aiki da irin waɗannan fatu, mai saye ma su yake so. Amma akwai yarjejeniyar CITES, da aka sa wa hannu a Washintan a 1973, wadda Nijar da Najeriya da ƙasashen Turai duk suna ciki. Ita ke kula da ketare iyaka da namun daji da duk abin da aka yi da jikinsu. Mesa, guza da kada duk suna cikin jerinta, cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe kuwa an rufe shi tun 1989. Ma'ana, ruwan takobi na iya zama halal a Faransa a ƙwace shi saboda fatar da ba ta kai tafin hannu ba, ko saboda ƙota mai haure. Ana iya neman takardar izini daga ma'aikatar gandun daji, amma ga mai tsaraba guda wahalar ta fi amfanin. Fatar akuya ko ta tunkiya da aka jeme ba ta da wannan matsala, kuma jar fatar akuyar Maraɗi ba ta da abin kunya a ko'ina, sunanta ya kai Turai tun kafin a haife mu.

Shekaru kuma su ne suka fi damuna. Nijar na da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adu, kuma a ƙarƙashinta abin da ke da darajar tarihi ba ya fita sai da izinin hukumar al'adu. Ba don takura aka yi ta ba. An ga yadda aka yashe gumakan yumɓu na Bura, wani tsohon wurin tarihi a yammacin Nijar, aka loda su zuwa kasuwannin Turai. Najeriya na da irin wannan ƙa'ida tun 1979, hukumar gidajen tarihinta ce ke ba da takardar fita. Can gaba kuma Turai ta fara tambaya: dokarta ta 2019, da ta fara aiki gaba ɗaya ranar 28 ga Yuni 2025, ta ce abin tarihin da ya haura shekara 200 kuma kuɗinsa ya kai yuro 18,000 sai da takardar mai shigowa, sannan duk abin da aka fitar daga ƙasarsa ta hanyar da ta saɓa wa dokar ƙasar haramun ne ya shiga, komai arharsa. To wa zai ce ga shekarun takobin Kawu? Shi ya ce kakansa ma gadonsa ya yi. In haka ne, ba mamaki ya ga zamanin Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi na ƙarni na 19. Kusa da ƙota akwai wani tambari da ya kusa shafewa, kuma sananne ne cewa ruwan tsofaffin takubba da yawa na ƙasar nan daga Turai ya zo, musamman garin Solingen na Jamus, ya ratso Sahara a bayan raƙuma, maƙeranmu suka yi masa ƙota, dukawa suka yi masa kube. Irin wannan ƙarfen shi kansa littafi ne na fataucin da kakanninmu suka yi.

Na ba Kawu labarin takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal, malamin Futa ta ƙasar Senegal da ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sojojin Faransa suka ɗauke shi a 1893, ya zauna a gidan tarihin soja na Faris. Sai a Nuwamban 2019 firaministan Faransa Edouard Philippe ya miƙa shi ga shugaba Macky Sall a Dakar, kuma sai da majalisar Faransa ta yi doka ta musamman a Disamban 2020 kafin ya zama na Senegal. Shekara 126, da bakin shugabannin ƙasa biyu, kafin takobi ɗaya ya dawo. Na talaka in ya fita, ko aka ƙwace shi a filin jirgi, ko jikan da ya tashi can bai san darajarsa ba ya sayar, wa zai bi sawunsa?

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Takobin gado bai kamata ya hau jirgi ba, ko da an samu duk takardun. Wanda ya kamata ya yi tafiya shi ne sabo, kuma a nan ne nake ganin muna asara ba dalili. Maƙeran Maraɗi, da na Agadas masu zuwa da kayansu, da masu sana'ar hannu na gidan tarihin Bubu Hama a Yamai, suna aikin da baƙi ke so, amma ciniki na ƙarewa da musafaha. Ba resi, ba sunan wanda ya ƙera, ba shekara. Mai saye ya tsaya gaban jami'i hannu rabbana. Sabon takobin da aka shafa wa toka da mai don ya yi kama da tsoho, saboda ya yi kuɗi, shi ne ma ya fi jefa mai shi cikin rigima: a gida a ce kayan tarihi ne ba ya fita, a can a ce ina izininsa. Rabin shafi da ke faɗin wanda ya ƙera, da shekarar, da tsawon ruwan, da irin fatar kuben, da kuɗin da aka biya, da hatimin ƙungiyar masu sana'a, ya isa ya amsa tambayar duwan, ta masu kare tarihi, da ta masu kare namun daji a lokaci guda. Ƙungiyoyin masu sana'ar hannu na iya buga irin wannan takarda da Faransanci da Ingilishi, ba sai an jira gwamnati ba.

Sauran abin da ke kan matafiyi shi ne ya tambaya kafin ya ɗaure kaya, kuma ya tambayi mai amsa: kamfanin jirgin, da ofishin jakadanci ko shafin intanet na duwan ɗin ƙasar da za shi, ba wanda ya taɓa wucewa da sa'a ba. Jerin haramtattun na canzawa, na Ingila kaɗai ya ƙaru sau biyu cikin shekara guda. In ya sauka kuma ya bi jar ƙofa, ta masu abin bayyanawa. Wanda ya bayyana abin da ba a yarda da shi ba galibi abin yake rasawa. Wanda ya bi koriyar ƙofa aka gano, maganar ta tashi daga kan ƙarfe ta koma kan ɓoyewa, kuma tana iya shafar bizarsa ta gaba.

Kawu ya yi shiru ya daɗe yana shafa kuben. Can ya ce, "To ɗana, yaron fa? Haka zan je masa hannu rabbana?" Na ce, "A'a Kawu, a ƙera masa nasa." Washegari muka je wurin wani maƙeri da suka saba, aka yi odar ɗan madaidaici, miƙaƙƙe, ba a wasa shi ba, aka kai wa baduku ya yi masa kube da jar fatar akuya. Na zauna na rubuta takardar da Faransanci, maƙerin ya dangwala yatsa, muka ɗauki hotonsa riƙe da takobin a bakin maƙera. Ɗan Kawu ya rubuta wa duwan ɗin Faransa ta intanet, ya turo mana amsar muka buga muka haɗa da fasfo. Tsohon kuwa Kawu ya sa aka gyara masa hamila, aka ɗauki hotonsa daga ƙota har tsini don a kai wa jaririn, ya mayar da shi kan ƙusarsa a ƙuryar ɗaki.